Hular Kwanon Michael

Warin fenti ne ya tare ni tun daga bakin ƙofa. Ni Kofur Sila, da na kwanta cikin rami harsashi na wuce kunnena kamar ƙudan zuma, ban taɓa karaya ba sai ranar nan, a gidan tarihin soja da ke bayan unguwar Rikoto a Zuru.

Hular kwanon yayana Michael ce ta kai ni. Tare muka yi golmo, noman nan da saurayi ke yi wa surukai kafin a ba shi mata, tare kuma muka shiga soja lokacin yaƙin basasa. Ni na dawo da ƙafafuna, shi ko gawarsa ba ta zo gida ba. Hularsa na ɗauko, da hudar harsashi a gefen hagu, daidai shigar ɗan yatsa. A wurinmu ba a barin kabari tsirara, sai an kifa masa tukunya. Da dattawa suka tara ƙasa suka yi kabari da sunan Michael, matarsa Dinah ta ce ita ba tukunya take so ba, hular za a kifa. Duk Lahadi kafin coci takan je ta sa yatsa a hudar ta gaishe shi.

Kwatsam sai ga mutanen gwamnati da manyan motoci, wai za a buɗe gidan tarihi don jikoki su san Zuru gidan soja ne. To wa za su nema in ba ni ba? Daga Danko har Sakaba a nuna mini wanda ya fi ni sanin yaƙi! Na cire hular daga kan kabarin na ba su, na ce aro ne, suka ce aro ne. Ranar buɗewa har a rediyo an ji muryata. Daga nan motocin ba su sake waiwayo mu ba. Rufi ya fara yoyo, ciyawa ta cinye hanya, kwaɗo ya yi tsatsa a ƙofa.

* * *

A daminar bana Dinah ta kwanta. Idanunta sun daɗe da tafiya, amma bakin nan nata yana nan daram.

"Ƙaramin mijina, sarkin cika baki," in ji ta da na je gaishe ta. "Ka tuɓe wa yayanka hula don a ji ka a rediyo. To ni tafiya ta zo. In suka kwantar da ni kusa da shi, da me zan gane ƙofarsa?"

Na yi dariya na ce, "Matar Yaya, ke da kika ƙi mutuwa a shekarar yunwa? Ki kwantar da hankalinki. Ko ido a rufe zan zaɓo hular nan cikin dubu."

Ta ce, "Ka yi sauri dai, Kofur. Numfashin aro nake yi."

Washegari na ji labarin an sake buɗe gidan tarihin, na ɗauki sanda na kama hanya.

* * *

Jabiru, ma'aikacin da aka bar wa gidan, ya fito da tsintsiya a hannu yana zufa.

"Baba Kofur, sannu da zuwa. Kwamiti ne zai zo daga sama duba mu. An ce in wurin ya burge su za a riƙa kula da mu."

Na ture shi na shiga. Inda hular Michael take zaune ita kaɗai a da, yanzu huluna ne jere reras har ƙarshen bango, koraye shar, suna ƙyalli kamar ƙwaryar amarya.

"Ina tawa?"

Ya sosa ƙeya. "Tana ciki, Baba. Ɗan kwangila ya ce manya ba sa son ganin tsatsa, kuma hula ɗaya ba ta cika ido. Ya sayo wasu wurin 'yan gwangwan, ya kai duka wurin mai gyaran jikin mota, aka cike ramuka aka fesa fenti."

"Aka cike me?"

Na jingine sanda na fara bin su ɗaya bayan ɗaya, ina lalubar gefen hagu. Fentin bai gama bushewa ba, yana kama mini yatsu. Ta farko sumul. Ta biyu sumul. Na kai ƙarshe na sake dawowa. Hular da na ɗauko daga bakin daga a cikin rigata, na tsallake kogi da ita, yau ga ta a gabana ban san ta ba.

Na zaro 'yar wuƙata zan kankare fentin. Jabiru ya riƙe mini hannu.

"Baba, ka rufa mini asiri! Kayan gwamnati ne yanzu. Ka taɓa ɗaya, ni za a kora."

"Aro na bayar, yaro!"

"Wanda ka ba aron an daɗe da canja masa wurin aiki."

"To in kwamitin ya tafi fa?"

Ya sunkuyar da kai. "An ce waɗanda suka fi kyau za a wuce da su babban birni."

Ni da ko kyaftin bai taɓa riƙe mini hannu ba, na mayar da wuƙata cikin kube.

* * *

Na biyo ta maƙabarta. Ruwan sama ya taru a ɗan zagayen da hular ta bari a kan kabarin, har ciyawa ta fara leƙowa.

Dinah ta gane takuna tun daga zaure.

"Ƙaramin mijina, yau ba ka shigo da surutu ba. Miƙo mini yayan naka."

Ta miƙo hannu biyu, ɗan yatsanta a tsaye yana neman huda. Ba ni da abin ba ta, sai na sa hannuna cikin nata. Ta shafa yatsuna masu danƙo, ta kai su hanci ta shinshina. Ta daɗe a haka.

Sannan ta sake ni, ta goge hannunta a zane, ta juya fuskarta bango.