Madubin Kumandan

Tun da Manzo ya bar aikin gandun daji, sai ya koma tara madubin hangen nesa, wanda mutanen Tawa ke kira jumel. Ɗakinsa cike yake da su, na Jamus, na Rasha, na Faransa, kuma ba ya hutawa sai ya gano kamfanin da ya ƙera kowanne. Matarsa Hajaratu takan ce mutumin da ke hango akuya a bayan gari amma ba ya ganin buhun gero ya ƙare a gabansa, addu'a kawai yake buƙata.

Ranar kasuwar Tebaram ya ci karo da wani tsohon jumel na tagulla a hannun wani matashi mai raƙuma, Attaher. Ya saye shi nan take. Sai da ya goge ƙurar ya ga an kankare sunan kamfanin da magagari, an zana rubutun Buzaye a gurbinsa.

"Wane maras tsoron Allah ya yi wanga aiki?" in ji Manzo.

Attaher ya ce shi dai a kayan kakarsa ya ɗauko, sunanta ne a jiki, Tanna, tana Affala.

Manzo ya hau babur ya nufi Affala. Ya iske tsohuwar a inuwar bukka tana taunar taba, ba haƙori ko ɗaya. Ya gaishe ta, ya miƙa mata madubin, ya tambayi wanda ya ɓata sunan.

Tanna ta yi dariya har ta sarƙe. "Wani ɗan iska ne daga Tawa, direban kumandan zamanin Nasara. A motar maigidansa ya sato shi. Da shi yake leƙena daga kan tudu in na tafi rijiya. Da na kama shi, sai ya kai wa maƙeri ya goge sunan Nasara ya sa nawa, wai toshi. Sadiƙu sunansa, kunnensa na hagu a yage, jaki ya cije shi."

Mahaifin Manzo ke nan, marigayi Alhaji Sadiƙu ladan, wanda ya taɓa zane shi don ya ɗauki dabino ɗaya a faranti, wanda kuma ya gaya wa ƴaƴansa cewa wajen raba faɗa ya rasa kunnen.

Tsohuwar ta kafa madubin a ido ta juyo, ta ƙare masa kallo. "Kai, ashe ɗansa ne! Hancin nan ba ya ɓata. Yana raye?"

"Allah ya yi masa rasuwa, Inna."

"Allah shi gafarta mishi, yana da aiki a gabansa." Ta cusa madubin ƙarƙashin tabarma ta zauna a kai. "Kayana ne, jikana satowa ya yi. Ka gaida gida."

Haka Manzo ya dawo Tawa hannu rabbana. Ya so ya haɗiye zancen, amma ya kasa. Bayan la'asar ya shiga ɗakin mahaifiyarsa Raƙiya, ya yi ta kewaye-kewaye don kada ya ɓata mata sunan mijinta.

Ta katse shi. "Tanna tana nan da rai? Buzuwar nan ba ta da niyyar mutuwa."

"Inna, kin san da maganar?"

"Mi aka yi ban sani ba? Ita ta karɓi madubi ta kore shi. Ni da ya zo wurina, gidan madubin kaɗai ya rage mishi."

Ta jawo gidan madubin, wata baƙar jakar fata, daga ƙarƙashin katifa, ta zazzage allurai da maɓallai. A cikin murfin, ga sunan wani kamfanin Faris ɓaro-ɓaro, har da shekara. Manzo ya kai hannu zai ɗauka, ta buge hannun.

"Karanta daga nan. Ina zan zuba alluraina?"

Ya durƙusa ya karanta. Da ya fito tsakar gida, Hajaratu ta tambaye shi ko ya gano kamfanin da ya ƙera madubin. Ya ce ya gano, har da ƙari.