Farantan da Ba a Gasa Ba

"Ɗauke hannunka, Bakano."

Na ɗauke, amma na makara. Babban yatsana ya riga ya bar tabo a gefen farantin, farar hodar da ke jikinsa ta tashi ta manne mini a fata. Mutari ya yunƙura daga kan katifa, ya kasa, ya koma ya jingina da bango yana haki. Ƙafafunsa sun kumbura har silifa ba ta shiga.

"Littafi dubu ka karanta," in ji shi, "babu ko ɗaya da ya ce kada ka taɓa kayan mutane da jiƙaƙƙen hannu?"

"Alwala na yi."

"Bon. Kai ka samu lada, ni na samu aiki. Hau kujera ka ɗora shi saman wadrob, gobe in gyara. Doucement, a hankali. Ba buhun gyaɗa ba ne."

Na hau, na ɗora. Sauran sha ɗayan suna jere a kan kantar ƙarfe kusa da taga, kowanne fari, babu ƙyalli, kamar an barbaɗa masa garin rogo. Wanda bai sani ba zai ce tsofaffin kwanuka ne da aka manta da su. A ƙarƙashin wannan farar hoda kuwa akwai aikin wata tara.

Mutari mutumin Damagaram ne, wato Zinder. Ƙofarsa na kallon tawa a hawa na huɗu, a unguwar International City, nan ƙasar Larabawa, shekara shida. Ni ina fassara takardun kotu a wani ofis a unguwar Port Saeed, shi yana naɗe kaya a shagon cargo na Alhaji Rilwanu a unguwar Naif. Ba mu yi kama ba ta ko'ina, sai dai ni matata Ummulkhair ta rasu a garin nan, shi tasa ta rasu a gida, kuma dukanmu ba ma son baƙi.

Sana'ar tangaran a hanya ya tsince ta. An tura shi unguwar Jumeirah ya kwashe kayan wata tsohuwa 'yar Labanan da ta mutu. 'Yarta, Madam Lubna, ta nuna masa wasu kwalaye ta ce a zubar. Ya buɗe ya ga mazuban filasta na faranti, da burosai masu gashin dabba, da kwalaben launi da suka bushe tun kafin a haifi 'yarsa. Ya roƙa, ta ba shi, ta kuma ce tanderun uwarta yana nan a wani sito a Al Quoz, tana kunna shi duk Asabar.

Launin nan da ya zama dutse, shi ya raya shi da ruwa da ƙaron da aka aiko masa daga gida, yana niƙawa da bayan cokali. Ya zuba yumɓu a mazubi, ya kankare, ya kai aka yi gashin farko. Sannan ya zauna yana shafa launi sau uku, kowace shafa sai ta bushe, ya ɗauko basillar ɗinkin buhu ya karce zane a ciki: dagi, takubba, ƙofofin gidajen Birni na Zinder, kamar yadda magina ke yi a bango. Daga ƙarshe ya lulluɓe komai da ruwan ƙyalli, wanda kan bushe ya zama farar hoda ya ɓoye zanen gaba ɗaya. Sai wuta ta ci shi zai narke ya zama gilashi. Kafin nan, digon ruwa ma ɓarna ne.

Na taɓa tambayarsa me ya sa shuɗinsa yake kama da toka.

"Wuta ce ke faɗa masa shi shuɗi ne," ya ce. "Kai dai ka karanta littafinka."

Farantan na jeren 'yarsa Zeinabou ne, wadda za a ɗaura wa aure bayan Babbar Sallah. Ba na cin abinci ba ne, don tsohon ruwan ƙyallin nan akwai darma a cikinsa, ya sha faɗa mini. Na kallo ne, a jera a kabat. Shekara sha tara yana naɗe wa 'ya'yan wasu farantan China dozin-dozin, ya rantse tasa 'yar ba za ta jera abin da kowace amarya a Zinder ta jera ba.

Ranar da na yi tabon nan Alhamis ce. Kafin in fita ya ciro makulli daga ƙarƙashin matashi ya miƙo mini.

"Jibi Asabar. In na kasa sauka, kai za ka kai wa Madam. Taksi, ba bas ba. Ka riƙe kwalin a cinya."

"Da ƙafarka za ka kai, Badamagare. Ni ba yaronka ba ne."

"Malam Dikko." Bai cika kirana da sunana ba. "Karɓi makullin."

Na karɓa. Ranar Juma'a bayan masallaci numfashinsa ya sarƙe, muka kai shi asibiti, shi yana ce masa lopital har a gaban likita. Asabar ta zo, na buɗe ɗakinsa, na tsaya gaban kantar, na rufe na fita. Na ce wa kaina bai gyara na sha biyun ba, gara a jira shi. Na ce rana ta yi zafi. Na sha yin irin wannan lissafi lokacin da Ummulkhair ke kwance, na san shi sarai: in ka yi abin da mara lafiya ya ce ka yi a bayansa, ka yarda ke nan akwai bayansa.

Ya rasu Talata da hantsi. Zuciya ce, in ji likitoci.

Takardu suka ci kwana biyu. Alhaji Rilwanu ne ya yi zirga-zirgarsu, ba zan hana shi wannan ba, ko da yake shi ma bai bar kowa ya manta ba. Ranar Alhamis bayan azahar muka binne shi a maƙabartar Al Qusais. Da aka shafa fatiha, Shu'aibu direban Alhaji ya zo ya ce a ba shi makulli, mata sun dafa abincin sadaka, za a zauna a ɗakin mamaci. Na ciro na ba shi. Ban ce komai ba. Hankalina yana can layi na bakwai, inda Ummulkhair take, shekara huɗu ke nan. Na je na tsaya a kanta. Na daɗe.

Da na iso hawa na huɗu, takalma sun cika bakin ƙofa har sun taɓo tawa. Ana ta hira a ciki a kan kuɗin visa da aka ƙara. Na yi sallama. Alhaji Rilwanu yana zaune a kan katifar Mutari, ya naɗe hannun riga, yana cin shinkafa da miya a wani faranti fari mai danshi da ya tsotse manja ya yi ruwan goro. Na dubi kantar ƙarfen. Babu komai a kai sai burosai.

Na wuce kicin. Hajiya Murjanatu, matar Alhaji, tana gaban famfo, ta ture awarwaronta sama. Ruwan da ke cikin sinki ya yi kauri, launin toka mai shuɗi-shuɗi, yana tsiyayewa a hankali.

"Malam Dikko, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa." Ta girgiza faranti na ƙarshe ta kife. "Na roba ne suka ƙare mana, sai na ga waɗannan. Kai, gwauro dai gwauro ne. Faranti sabo fil, amma ƙura ta yi kamu guda a kai. Ƙasanta ma wata ƙazanta ce kamar fumfuna, sai da na sa soson ƙarfe."

"Kin sha aiki, Hajiya."

"Ai lada muke nema."

"Nawa kika wanke?"

"Sha ɗaya na gani. Ko akwai wasu?"

"Babu."

Na koma ɗaki. Ban ɗaga murya ba, ban iya ba, aikina karanta ƙananan rubutu ne. Na durƙusa gaban Alhaji na kama gefen farantinsa.

"Alhaji, in ka ƙoshi ina so."

"Lafiya, Malam?"

"Lafiya lau. Sai dai abin da aka shafa wa farantan nan akwai darma a ciki. Ba ta kashewa nan take. A hankali take taɓa ƙwaƙwalwa, wasu ma ba a gane bambanci."

Cokula suka tsaya. Wani Maharazu, ɗan kasuwar takalma, ya tofar da lomarsa a tafin hannu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina karɓa, ina juye shinkafar a cikin kula, ina faɗa musu abin da suka ci a kai. Wannan ƙofar gidan limamin unguwar su Mutari ce, mako uku ta ci masa. Wannan dagi ne, sau biyu ya goge ya sake. Wannan ya zana shi ne da ƙafa a cikin bokitin ruwan sanyi saboda kumburi. Hajiya ta fito bakin kicin, soson yana hannunta yana ɗiga a kan tayil.

"Wallahi ban sani ba," ta ce. "Ƙura na gani."

"Haba Malam," in ji Alhaji, yana goge yatsu. "Yau ranar haƙuri ce. Faranti ne fa. Ga kasuwar China nan a bayanku, gobe in sa a ɗauko wa yarinyar dozin biyu masu ruwan zinariya, in saka a container kyauta. Khalas, shi ke nan."

"Na san za ka iya. Shekara sha tara yana zuwa shagonka da shuɗi a ƙarƙashin farce. Ka taɓa tambayarsa na mene ne?"

"Na ɗauka tawadar maka ce, ta rubutu a kwali."

"Ka ɗauka."

Ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa. Ba wawa ba ne, abin da ke ƙara ba ni haushi da shi ke nan. Ya dube ni ya ce, a hankali, yadda sauran ba za su ji sosai ba:

"To kai da ka sani, Malam, da ka ba Shu'aibu makulli, me ya hana ka ce kada a taɓa?"

Na sunkuya na ci gaba da tattara farantan. Suka nemi takalmansu suka sauka. Hajiya ce ta ƙarshe. Ta ajiye soson a bakin sinki, ta bi mijinta.

Na zauna a ɗakin har la'asar ta wuce. Sai da na tashi zan kashe AC na ɗaga kai na ga gefen wani abu fari a saman wadrob.

Ranar Asabar na ɗauki taksi, kwali a cinya. Madam Lubna ta fiddo sha ɗayan ɗaya bayan ɗaya, ta shinshina, ta dube ni ta saman tabarau.

"Wa ya yi wannan?"

"'Yan uwa."

"Haram, kaico," ta ce. Ta ce za ta fara ƙona man da suka sha, sannan ta sake shafa musu ruwan ƙyalli, amma kada in sa rai. Da ta zo kan na sha biyun ta ga tabon, ta ɗauko buroshi. "Wannan minti ɗaya ne, in cike shi."

"Bar shi."

"Zai fito da kaushi, habibi."

"Shi ya ce zai gyara. Bar shi."

A cikin makon Zeinabou ta kira ni daga Zinder. Ban taɓa ganinta ba, muryar ubanta ce dai da ita, har da yadda yake jan bon.

"Baba Dikko, ya ce mini sha biyu ne. Ya ce in na gani zan san gida."

"Ɗaya ne, 'yata. Sauran an wanke su kafin a gasa. Ni aka bar wa, ban kai da wuri ba."



"A turo mini duka," ta ce. "Har da wankakkun."

Bayan Asabar biyu na je na karɓo. Na shimfiɗa su a kan gadona. Sha ɗayan sun fito farare masu sheƙi, amma soson ƙarfe bai kai ko'ina ba. Launin da yumɓu ya riga ya sha, wuta ta tono shi: nan rabin dagi, can bakin takobi, can wata ƙofa da babu bango a jikinta, duk shuɗi mai rauni kamar jijiya a bayan hannun tsoho. Na sha biyun kuwa shuɗi ne sosai, irin na rini, da farin zanen basilla a ciki. Ƙofar gida ce mai zanko biyu, da tulu a gefe. A ƙasa ya karce sunan mahaifiyarsa da ajami, ƙanana, sai da na sa tabarau.

Ban kai su Naif ba. Chamsou, wata 'yar garinsu da ke sarin jakunkuna, za ta koma Litinin, ta yarda ta riƙe su a hannu cikin jirgi. Na nemi abin naɗewa, jarida ta yi mini kaɗan. Na jawo akwatin Ummulkhair daga ƙarƙashin gado, wanda ban buɗe ba tun da na rufe shi. Zannuwanta suna nan a ninke, da sauran ƙamshin turaren wuta. Na ƙirga goma sha biyu.

Na naɗe sha ɗayan. Na ƙarshen na riƙe shi kusa da taga. A gefensa, wajen da gilashi bai rufe ba, akwai ɗan gurbi mai kaushi. Na sa babban yatsana a ciki, ya zauna daidai. A ƙasa bas ta tsaya, mutane suka sauka da ledoji. Na jawo zanen da ya rage, mai ruwan ganye, na shimfiɗa a cinyata.