Yatsan Baba a Kan Taya

Sati uku Auta ta yi tana fama da zanen bangon littafin nan: wata motar zamanin da, mai siraran tayoyi kamar na keke, ita kaɗai a tsakiyar fili fetal, ba gida gaba ba gida baya. Da ƙarfe huɗu mai maɗaba'a zai zo karɓa, kuma ya gaya mata in ta sake saɓa alkawari, wani zai ba aikin.

Ana cikin haka sai ga Baba. Shekara arba'in yana kanikanci, bai taɓa leƙa ɗakin zanenta ba sai yau da ake sauri. Ya ja kujera ya ƙura wa allon ido.

"Ina jarkar ruwa?"

"Baba, zane ne fa."

"Na gani. Ina safayar taya? Direban nan da hankalinsa ya shiga wannan daji haka?"

Ta haɗiye takaici, ta juya tana wanke buroshi. Mai hali dai ba ya fasa halinsa. Kafin ta waiwayo Baba ya miƙa babban yatsa ya danna tayar baya, yadda yake yi wa kowace mota da aka kawo masa. Fentin kuwa ɗanye ne. Taya ta baje.

"Baba, me na yi maka?" in ji ta. "Saura awa ɗaya."

Ya dubi yatsansa, ya goge a riga. "Dama iskarta ba ta cika ba," in ji shi, ya fita sumui-sumui.

Ta so ta yi kuka, amma babu lokaci. In ta kankare wajen, sai ta sake rabin motar. Ta tsaya tana hararar shatin yatsan, ranta a ɓace, sai ta tuna bai taɓa taɓa wani aikinta ba sai yau.

Ta ɗauki ƙaramin buroshi. A gefen tayar da ta baje ta durƙusar da wani tsoho mai rankwafaffen baya, hula a ƙeya, sufana a hannu.

Huɗu saura kwata Baba ya dawo da kofin ruwa, biko ke nan. Ya daɗe yana kallon tsohon da ta zana. Can ya share ido da bayan hannu.

"Auta, ba haka nake riƙe sufana ba."