Kafaɗun Soso

Hanne ƙanwar Babagana ce ta bugo waya daga Toranke da saƙon mahaifiyarsu. Ya Kellu ta ce in Babagana bai taka ƙafarsa gida ran Juma'a ba, ita za ta hau babur ta zo Gaya da kanta, da ido ko babu ido.

Safara'u ta ajiye wayar, ta dubi mijinta a kan tabarma. Wanda ya san Babagana bara, sai an rantse masa zai yarda shi ne. Mutumin da yake sungumar buhun gero a kasuwar Gaya ya saɓa a kafaɗa yana ciniki da mai saye, yau ciwon hanta ya tsotse shi tas. Tun damina yake ja da baya. Dangi kowa ya sani, ban da uwar da ta haife shi. Shi ya hana a faɗa mata, har da haɗa mutane da Allah, domin tun rasuwar wansa Mala hawan jini ya kama ta, ba ya son ya zama shi ne zai ƙarasa ta.

To, amma Ya Kellu ba da ido take duba 'ya'yanta ba. Tun da ganinta ya tafi, in ka durƙusa gaishe ta sai ta ɗora hannu biyu a kafaɗunka ta matsa, nan take ta faɗa maka ko kana cin abinci ko wasa kake da cikinka. Murya kam Babagana ya iya saita ta a waya. Kafaɗa fa?

"Ɗauko min kwat ɗin nan," in ji shi.

Wata kwat ce ruwan ƙasa, ta gwanjo, wadda yake ɗorawa a kan kaftani in sanyi ya shigo. Da ya saka, sai kafaɗun suka zubo gefe da gefe kamar an rataye ta a ƙusa.

"Ki kai wa Gwadabe. Ki ce ya gyara kafaɗar."

"Baban Naja, da dai mun faɗa mata kawai."

"Ki kai, na ce."

Taurin kan Babagana ne kaɗai abin da ciwon bai rage ba. Ta zura hijabi ta fita.

Gwadabe tela abokin Babagana ne tun suna yara, shagonsa na bakin layinsu. Ya karɓi kwat ɗin, ya juya cikinta waje, ya bi ɗinkin da babban yatsa.

"Maman Naja, kin kawo min uban wahala. Duk jikin kwat babu inda ya kai kafaɗa rigima. Sai na farke shafin, na cire hannuwan, na rage, sannan na sake ɗora su. Kuma abin da almakashi ya ci ba ya dawowa."

"Ba ragewa yake so ba, Malam Gwadabe. Cikowa."

"Cikowa?"

"Toranke za mu ran Juma'a."

Gwadabe ya sauke ƙafarsa daga kan keken ɗinki. Shi ma Ya Kellu ta sha matsa masa kafaɗa tana ce masa tsinke, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Safara'u ta tsaya tana jira, kuma in za a faɗi gaskiya, addu'a take a ranta ya ce ba zai yi ba. Ta gaji. Ita ce jigilar asibiti, ita ce dafa magani, ita ce dariyar ƙarya a waya in tsohuwa ta tambaya. Tana son wani babba ya san abin da take ciki, ko da hannu ne ya ɗaga ya roƙa musu Allah.

"Zan zo in an yi la'asar in auna shi," in ji Gwadabe.

Ya zo kuwa, da tef a wuya da alli a aljihu. A zaure suka yi awon, Safara'u tana jin su daga tsakar gida. Babagana ya so a auna shi a kan babbar riga, Gwadabe ya ce, "Kai, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, cire." Daga nan ba ta ƙara jin barkwancin Gwadabe ba, shi da bakinsa ba ya hutawa.

Aikin ya ci shi. Ya ce soso mai kauri ba zai yi ba, ana matsawa za a ji kamar katifa. Sai ya yanko siraran soso ya jera wani kan wani, ya shimfiɗa auduga a tsakani, ya bi da allura da hannu yana ɗaurewa, ya gangaro da cikon har allon kafaɗa. Ya farke ya sake, ya kuma farkewa. Ran Alhamis ya kawo ta da kansa, ya ajiye a zaure, bai tsaya ko shan ruwa ba.

Babagana ya saka a ɗaki, ya durƙusa a gaban matarsa.

"Rufe idonki. Taɓa."

Ta rufe, ta ɗora hannuwanta, ta matsa. Wallahi Gwadabe ya iya aikinsa. Kafaɗun mijinta ne na da, masu faɗi, masu tauri, waɗanda ta sani tun tana amarya. Ta buɗe ido ta ga ƙasusuwan wuyansa sun leƙo ta saman kaftani.

"Ya yi?"

"Ya yi," ta ce, ta fice madafi kamar ta bar wani abu a wuta.

Da hantsin Juma'a suka ɗauki shatar adaidaita. Duk ramin da aka faɗa sai Babagana ya cije leɓe ya riƙe ƙarfe. An gama girbi, gonaki sai kara a tsaye, ya riƙa nuna mata gonar wane da ta wane don kada ta kalli fuskarsa.

Hanne ce ta tare su a ƙofar gida. Tana ganin yayanta ta toshe baki da gefen mayafi. Ya harare ta, ta haɗiye kukan.

Ya Kellu na zaune a kan tabarma a inuwar ɗakinta, carbi a hannu. Babagana ya ja numfashi, ya yi sallama da murya irin ta kasuwa, ya durƙusa.

"Babana, sai yau? Matso in gan ka."

Hannuwan suka sauka. Suka matsa dama, suka matsa hagu, suka zagaya baya.

Sai fuskar tsohuwa ta washe.

"Alhamdu lillahi! Ashe shaiɗan ne yake ta raya min banza. Kullum in na ji ka a waya sai gabana ya faɗi. Ga ka nan kamar ingarma. Safara'u, ina kike? Allah Ya yi miki albarka, kina kula min da shi."

"Amin, Ya," in ji Safara'u, kuma ba ta taɓa jin sa albarka ta yi mata nauyi haka ba.

Aka kawo fura. Ya Kellu ta shiga hira, daɗi ya kwance mata baki: wake ya yi bana, akuyarta ta haifi biyu, maƙwabcinta ya ci mata iyakar gona. Babagana yana amsawa yana dariya, gumi na tsattsafo masa a goshi. Har Safara'u ta fara cewa a ranta an tsallake.

"Yauwa, Babana, tun da Allah Ya kawo ka. Buhun geron can da aka jingine a bakin rumbu, kaji sun ishe shi da tsattsaga. Ni da Hanne mun ja mun ja, ya ƙi. Shigar min da shi ɗaki."

Hanne ta ce da sauri, "Ya, a bari a kira wani mana, da kayansa masu kyau."

"Wane wani, ga mai shi? Yaron da yake ɗaukar buhu yana waƙa?"

Babagana ya dafa ƙasa ya miƙe. Bai kalli kowa ba. Ya taka zuwa bakin rumbu, ya sunkuya, ya kama kunnuwan buhun. Safara'u ta miƙe tsaye. Likita ya ce ko bokitin ruwa kada ya ɗaga. Ta san shi sarai, zai ɗaga ne ko da abin da ke cikinsa zai fashe.

"Ya," ta ce, muryarta ta fita da ƙarfin da ba ta yi niyya ba. "Ba zai iya ba. Ba shi da lafiya."

"Safara'u!"

Carbin ya tsaya a hannun tsohuwa.

"Zo nan, Babana."

Ya dawo yana jan ƙafa, ya durƙusa. Wannan karon ba ta ɗora hannu a sama ba. Ta lalubo wuyan kwat ɗin, ta zura yatsunta ta ƙarƙashi, ta bi ƙashi tun daga wuya har inda ya ƙare. Ta daɗe a wurin. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi.

"Tun yaushe?"

Babagana ya sunkuyar da kai. Safara'u ce ta amsa, "Tun damina, Ya."

"Tun damina." Ya Kellu ta janyo kansa ta kwantar a cinyarta. "Tun damina ɗana yake kwance, kuka bar ni ina nan ina yi wa gero addu'a."