Zoben Yatsu a Zaman Tahiya

Usuman mutum ne mai saurin hannu. Sau biyu yana fasa wa mutum baki a siton da yake shugabantar leburori a unguwar Khumra ta Jidda, har kafilinsa Meshari, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya kira shi ofis ya ce, "Ka sake dukan wani, ba zan sabunta maka iƙama, takardar zamanka, ba. Halas, shi ke nan. Jirgi sai Kano." Shekara ashirin da uku a Jidda, mata da 'ya'ya huɗu a unguwar Madain Fahd, duk sun rataya a kan dunƙulen hannunsa.

'Yarsa Tahani ce ta kawo dabara daga gidan motsa jikin mata da take zuwa. "Baba, in ranka ya ɓaci, ka haɗa kan babban yatsa da manuniya su yi zobe, sauran ukun a miƙe, ka ɗora a gwiwa, ka ja numfashi. 'Yan yoga na Indiya ke yi, wai yana kawo natsuwa da basira."

"Basira a yatsa?" Ya ja tsaki. Amma ya gwada, don ya lura hannun da ya yi zobe ba ya dunƙulewa. Kafin sati uku yatsun sun saba.

To, Usuman shi ke jan leburori sallah a kusurwar sito. Ranar wata Talata da azahar ya zauna tahiya, maimakon ya ɗaga manuniya, sai hannayen suka yi abin da suka saba: zobe a gwiwar dama, zobe a ta hagu.

Abduljalil na sahun farko, Bahaushen Sudan da ya daɗe yana haƙon shugabancin leburorin. Ana sallamewa ya ɗaga murya.

"Ya Shehu Usuman! Malikiyya mun sani, Hambaliyya mun sani. Wannan mazhabar Bombai ce?"

Aka tuntsire da dariya.

"Kuskure ne," in ji Usuman. "Rufe min baki."

"Kuskure hannu biyu? Jama'a, ku sake sallarku, tsafin Indiyawa muka bi. Gobe sai ya naɗe ƙafa a gabanmu yana gurnani. Ka tsufa 'yarka na koya maka addini!"

Usuman ya miƙe tsaye, jijiyar wuyansa ta tashi. Abduljalil bai ja da baya ba, sai ma ya miƙo haɓa. "Yalla, doka in ka isa." Yana faɗa yana satar kallon kyamarar da ke saman ƙofa, wadda Meshari ke gani a wayarsa.

Nan Usuman ya gane tarkon. Ya koma ya zauna a kan dardumar liman, a gaban kowa, ya haɗa yatsun ya danna har farce ya shiga nama. Ya ja numfashi ɗaya, biyu, biyar. Abduljalil ya yi ta zagi har muryarsa ta dushe, leburori suka gaji suka watse ɗauko kaya.

Sai Usuman ya naɗe dardumar ya cilla masa a ƙirji. "Ga limancin, ka ci. Aikina kuwa sai dai ka mutu kana kallo. Tashi ka sauke motar can."

Da la'asar Usuman ya tsaya a bayan Abduljalil, manuniya a miƙe sak, yana hararar ƙeyarsa. A ƙarshen wata Meshari ya sabunta iƙamar. Tabon farcen bai goge ba, kuma har yau Usuman da Abduljalil ba sa gaisawa.