Kwanon Sukarin Malachy

Shekara talatin da ɗaya na yi ina tara duk wani tsohon abu mai ɗauke da hoton garaya, kuma babu wanda bai san haka ba a garinmu Corofin. Garayar nan dai tamu ta Ireland, mai tsirkiya rututu, wadda ke bayan kowane kwabo da ke aljihunmu. Tun ina koyarwa a makarantar gari na fara, na yi ritaya ban daina ba. A falona akwai kabad cike da tangaran na Belleek, kowanne da tambarin kare da hasumiya da garaya a ƙasansa. Akwai akwatunan katako na Killarney, akwai cokulan azurfa goma sha ɗaya. Abu ɗaya ya gagare ni, wato babban abu na tsohuwar azurfar Dublin, mai hatimin garaya da kambi a kanta. Cokali kowa yana iya samu. Ni kwano nake so, ko butar shayi, kuma har na bar masa gurbi a tsakiyar kabad.

Sai ga shi Malachy Considine ne ya samu. Malachy fa! Mijin ƙanwata Dympna, bakaniken da bai san bambancin azurfa da gwangwanin wake ba.

Ni da kaina na ja shi zuwa wani gwanjo, don yana da motar ɗaukar kaya, ni kuwa sai keke. Wani tsohon gidan masu ƙasa ne kusa da Gort, magada suna sayar da komai har labule. Na sa rai a kan wani teburin Killarney mai garaya a tsakiya, wani dillali daga Dublin ya ƙwace mini shi ko gumi bai yi ba. Ina fitowa a fusace na tarar da Malachy rungume da wani akwatin tarkace, ya washe baki. Wai wata 'yar butar zuba wa inji mai ya gani a sama, ita ta ja hankalinsa. Akwatin nan na wuce shi da safe, har na ture shi da ƙafa don ya tare mini hanya.

A mota ya ce, "Malam, tona mana mu ga abin da na saya."

Malam yake kirana kamar sauran mutanen gari, sai dai shi a bakinsa kullum da ɗan tsokana. Na tona. Ƙusoshi, fitilar da ba gilashi, tarkon ɓera. Can ƙasa sai ga wani baƙin kwano mai ƙafa uku, kowace ƙafa da kan zaki. Tun daga nauyinsa gabana ya faɗi. Na juya shi, na ciro ɗan gilashin da nake duba hatimi da shi, na goge ƙasan da yawu. Ga ta nan, 'yar garaya da ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba, da kambinta. Ta sha jiki, shekara fiye da ɗari biyu ana jan ta a kan tebur, amma tana nan.

"Lafiya, Malam? Ka ga fatalwa ne?"

Da ina da wayo da na ce masa dalma ce, ya bar mini in zuba maɓallai. Amma malamin makaranta ba ya iya riƙe abin da ya sani. Na zazzage masa komai, har zamanin da aka ƙera shi. Malachy ya kusa jefa mu a rami don dariya.

Daga ranar barcina ya lalace. Zan faɗa ba kunya, hassada ce ta kama ni, irin mai hana cin abinci. Dympna ta ɗora kwanon a kan allon murhu, tsakanin agogo da hoton Paparoma, kuma gari ya yi ta tururuwar zuwa gani. Mutanen da ba su taɓa leƙa kabad ɗina ba, ko da na roƙe su, su ne ke shan shayi a gidan Malachy suna jinjina kai. Shi kuma ya haddace bayanina yana maimaita musu, rabi daidai rabi shirme. A mashayar gari har suna suka sa masa, wai Mai Azurfa. Ni da na ƙarar da idona a kan littattafan hatimi, ba wanda ya taɓa sa mini suna.

Na gwada musaya. Na ce zan ba shi cokula shida da akwatin Killarney mafi kyau.

Ya ce, "Me zan yi da cokula, Malam? Baki ɗaya gare ni."

Na ƙara da kwandon tangaran da marigayiya matata ta fi so. Dympna ta harare ni ta ce, "Haba Yaya, ka ji kunya mana. Kwanon nan ba na sayarwa ba ne, ka cire ranka." Suka dubi juna, suka yi wani ɗan murmushi. Murmushin nan ya fi komai ƙona mini rai.

Da kaka ta kama, sai layin addu'ar gida ya zo kansu. Shekara bakwai ke nan rabon da Fada, limamin cocinmu mai zagaya gidaje bi da bi, ya zo ya yi sujada a gidan, wanda shi ne gidan iyayenmu, inda aka haife ni. Kowa ya san yadda mata ke yi in layi ya zo kansu. Dympna ta shafe bango da farar ƙasa, ta yi wa ƙofa fenti, ta yi wa ƙyauren lambu fenti, da karen gidan ya tsaya wuri ɗaya da shi ma ya sha. An sa ranar Asabar da safe.

Ranar Alhamis da rana na bi ta garejin Malachy don ya duba mini sarƙar keke. Na same shi tsaye gaban injin da yake goge ƙarfen mota da shi, kwanon a hannunsa.

Ya ce, "Yawwa, ga mai ilimi. Ƙanwarka ta rantse ba za ta ajiye wa Fada sukari a baƙin kwano ba. Na goga da tsumma har hannuna ya mutu, ya ƙi haske. In ɗora shi a kan injin nan?"

Duk wanda ya yi wata ɗaya a harkar nan ya san amsar. Tsohuwar azurfa laushi gare ta, ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi kawai take so. Injin nan kuwa cin ƙarfe yake yi. Hatimin da ya riga ya sha jiki, minti ɗaya ya ishe shi. Kuma in babu garaya, kwanon ya zama kwano kawai, ba wanda zai iya rantsuwa a kan asalinsa.

Na sani sarai. Na dubi yatsunsa masu baƙin mai a kan kawunan zakunan, na tuna Mai Azurfa, na tuna murmushin nan.

Na ce, "Kayanka ne. Ka yi yadda ka ga dama."

Ya bushe da dariya. "Kayana ne, in ji Malam! To madalla. Amma dai ba zai yi masa illa ba ko?"

Sau biyu ke nan ya tambaye ni. Na ce, "Ƙarfe ne fa, ba ƙwai ba. Ka bi ko'ina, har ƙasan."

Na ja kekena na fita. Ban kai bakin titi ba na ji injin ya tashi, na ji kukansa ya sauya lokacin da azurfa ta taɓa shi. In na ce ban ji daɗi ba na yi ƙarya. Daɗi na ji har cikin raina, kuma ranar na cinye dankalina da kabeji tas, karo na farko cikin wata biyar.

Ranar Asabar maƙwabta suka cika kicin, aka yi sujada, aka gama. Sai aka shigar da Fada Hehir falo don karin kumallo, tare da dattawa, ni a damansa kamar yadda aka saba. Ga dafaffen ƙwai, ga burodin da Dympna ta gasa, ga man shanu an naɗa shi ƙwallo ƙwallo. A tsakiyar tebur ga kwanon, cike da sukari mai ƙwaya, wanda sai don Fada ake saye. Yana walƙiya kamar sabuwar fitilar mota. Mata suna leƙowa daga ƙofa suna yabawa. Ni kuwa ina kurɓar shayina hankali kwance.

Sai Malachy ya miƙe, ya buga kofi da cokali. Mutumin da ko a bikin 'yarsa bai iya jawabi ba.

Ya ce, "Fada, a yi mini haƙuri. Ranar Talata Malam Jarlath zai cika saba'in. Lokacin da na zo neman Dympna, a ɗakin nan tsohonsu ya ce ba zai ba mai wankin ƙarfe 'yarsa ba. Malam ne ya tsaya mini, ya ce in ba a ba ni ba shi ma ya bar gidan. Shekara arba'in ban san da me zan gode masa ba, don mutumin nan ba ya son komai sai abu mai garaya."

Aka yi dariya. Dympna ta juye sukarin a faranti, ta goge kwanon da gefen rigarta, ta ajiye a gabana.

Ta ce, "Tun ranar da ya shigo da shi ya ce na Yaya ne. Ni na ce a bari sai yau, a gidan Baba, gaban mutane. Kai kuma ka bi ka ishe mu da cokula! Har da kwandon marigayiya, don Allah ku ji."

"Shi ya sa na tambaye ka kafin in goge," in ji Malachy. "Wai kayana ne! Na ce a raina, bawan Allah bai san nasa ba ne."

Aka yi ta tafi. Ban iya cewa ko na gode ba, suka ɗauka daɗi ne ya hana ni magana, har wata tsohuwa ta share hawaye.

Malachy ya ce, "To nuna wa Fada garayar mana. Ni na neme ta jiya ban gani ba, idona ya tsufa. Ciro gilashin nan naka."

Na ciro. Na juya kwanon. Ƙasan ya yi sumul, babu garaya, babu kambi, ko ɗigo bai rage ba. Malachy bai taɓa yin aikin ha'inci ba a rayuwarsa, na ce ya bi har ƙasan, ya kuwa bi. Na ɗaga kai na gan shi tsaye a kaina, fuskarsa cike da murna, yana jira.

Na ɗora farce a kan wurin da take a da. Na ce, "Ga ta nan, Fada."

Fada Hehir ya karɓi gilashin, ya runtse ido ɗaya, ya daɗe yana dubawa. Mutumin kirki ne. Ya ce, "Ai kuwa. 'Yar mitsitsiya da ita."

Kwanon yana tsakiyar kabad ɗina yanzu, a gurbin da na bar masa shekara talatin da ɗaya. In ina ni kaɗai ba na taɓa shi. Amma Malachy ba ya gajiya. Duk baƙon da ya yi, ko ɗan'uwa daga Boston, ko mai kawo masa taya daga Limerick, sai ya kawo shi falona ranar Lahadi bayan coci, ya tsaya bakin kabad yana murza hannu.

"Malam, nuna masa garayar."

Ni kuma in ciro gilashi, in juya kwanon, in nuna.