Awon Gefen Hagu

Duk ranar da ake ganin masu ciwon dajin mama a asibiti ina can, da tef ɗina rataye a wuya. Tela ce ni, kuma shekarun baya aka cire mini nonon hagu. A ƙungiyarmu ta matan da suka tsallake ciwon nan kowa da abin da ta iya, wata rakiya, wata riƙe hannu lokacin ƙarin ruwan magani. Ni ɗan matashi nake ɗinkawa, wanda ake sawa cikin rigar mama a gurbin abin da aka cire.

Na farkon da na yi wa kaina auduga zalla na cusa masa. Ina tsaka da ciniki a kasuwa abin nan ya yi ta hawa har ya kusa kafaɗata, mai tumatir ya rasa inda zai sa idonsa. Daga ranar na koyi zuba masa ƙananan duwatsun ado don ya yi nauyi. Awo kuma kafin aikin tiyata nake yi, domin bayan aiki jiki a kumbure yake, ba ya son taɓi.

Wata safiya nas ɗin sashen ta ja ni gefe, ta nuna mini wata mata a ƙarshen benci, ta rungume jaka a ƙirji.

"Malamar makaranta ce," in ji nas. "Sau biyu ana sa mata ranar aiki tana ƙin zuwa. Likita ya ce in ta ƙara jinkiri abin zai bazu."

Na je na zauna kusa da ita, muka gaisa, na faɗa mata sana'ata. Ta kalli tef ɗin kamar ta ga maciji.

"Anti, ki yi haƙuri, ni ba za a auna ni ba. Magani kawai na zo karɓa."

Ni kuwa Allah bai ba ni haƙurin lallashi ba. Na kamo hannunta muka shiga ɗan ɗakin canza kaya, na ja labule, na zura hannu a rigata na zaro nawa na ɗora mata a tafi.

"Ga abin da kike gudu. Juya shi da kyau, ba ya cizo."

Ta riƙe shi, da ɗumin jikina a kansa. Ta yi dariya kaɗan, dariyar ta koma kuka. Na ƙyale ta ta yi mai isarta, don na san kukan nan, na yi irinsa.

"Ba wuƙar nake tsoro ba," ta ce. "Autana ne. Shekararsa uku, ba ya barci sai ya kwantar da kansa a nan, gefen hagu. In ya kwanta ya ji ba uwarsa ba ce fa?"

Tausayinta ya kama ni. Na yi zaton maganar miji ce ko ta mutane, na tanadi amsoshina tsaf, ashe ba ko ɗaya. Sai na mayar da matashin wurinsa, na gyara riga, na jawo kanta na kwantar a ƙirjina, ita da ta girme wa wasu likitocin ma.

"Yi shiru ki saurara. Me kika ji?"

Ta kasa kunne. A waje ana kiran sunayen masu layi, keken marasa lafiya yana wucewa da ƙara.

"Zuciyarki," ta ce a hankali.

"To ita yake nema, ƙanwata, ita kuwa ba a cire ta. Amma in kika ci gaba da gudu, wata rana zai nema ya rasa. Ki kawo mini tsohuwar rigar da kike kwana da ita, da ita zan ɗinka, ya ji ƙamshin da ya sani."

Ta ɗago ta share fuska da bakin mayafi. Ta ajiye jakar nan da ta ƙi saki tun safe, ta ɗaga hannuwanta sama kamar yarinyar da za a gwada wa sabuwar riga. Na zagaya tef ɗin.

"Anti," ta ce, "kar ki cika masa duwatsun. Kan yaron ƙarami ne."